Kama da wane ba ta wane

Na karanta labarin nan na Trump da yake ta nanata wai Kanada ta zama jihar Amurka ta 51, har wasu na cewa ai duk ɗaya suke tunda Turanci suke yi. Haba dai!

Turawan farko da suka cika lardin Ontario na Kanada, da yawansu gudun Amurka suka yi bayan yaƙin neman 'yancinta, don sun ƙi rabuwa da sarautar Ingila. Har gobe Sarki Charles ne shugaban ƙasar Kanada, firaminista ke mulki. A lardin Kebek kuwa Faransanci ne harshen hukuma.

Ni inda na fi ganin bambancin shi ne asibiti. Ɗan Kanada zai miƙa katin lafiyar lardinsa, likita ya duba shi, ya tafi gida ba a karɓi ko sisi ba, ko da yake jiran tiyata sai mai haƙuri. Ba'amurke in ba shi da inshora, karayar ƙafa ma ta isa ta jefa shi cikin bashi.

Wannan surutun na Trump ma ya taimaka wa firaministan Kanada Mark Carney ya ci zaɓen Afrilun 2025, alhali a farkon shekarar ana ganin jam'iyyarsa ta gama yawo.