Fifita bukatun majinyaci ba shagwaɓa ba ce

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan aka ce a fifita bukatun majinyaci wajen dawo masa da ƙarfin jikinsa bayan rashin lafiya, ana nufin a bi duk abin da ransa yake so, ko a ɗauke masa kowane aiki don tausayi. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana cutarwa.

Abin da ake nufi shi ne a gina jinyar a kan rayuwar da mutumin yake son komawa gare ta. A ɗauki dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likitan fisiyo, wato mai jinyar gaɓoɓi ta hanyar atisaye, zai auna ƙarfin hannunsa, amma idan aka zauna aka tambaye shi, sau da yawa burinsa shi ne ya riƙe buta ya yi alwala da kansa, ya taka zuwa masallacin unguwa. A kan wannan buri ake tsara atisaye, a fara da ruwa kaɗan a butar, ana ƙarawa sannu a hankali. Tsarin ICF, wato ma'aunin lafiya da naƙasa wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2001, yana duba ayyukan mutum da cuɗanyarsa da jama'a tare da lafiyar gaɓoɓinsa.

Iyalin da suke ba dattijon nan abinci a baki alhali hannun yana bukatar motsi suna jinkirta samun sauƙinsa ba da niyya ba. Idan kuwa ya ƙi atisaye saboda zafi, wajibi ne likita ya binciki dalili, ya sauya salo, su cimma matsaya tare.