Ga ƙannena masu sabuwar igiya da sabon anini

Ƙannena da aka ɗaura wa igiya kwanan nan, da ku da kuka fito daga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna da anini ɗaya a kafaɗa, ku ba ni aron kunnuwanku.

Kofur, mutum goma ko ƙasa da haka aka damƙa maka. Laftanan, kai kuma wajen talatin. Janar a takarda da taswira yake ganin sojoji. Kai ne ka san wanda takalminsa ya fashe, da wanda ya baro matarsa da tsohon ciki, da mai gyangyaɗi a bakin gadi. Igiya da anini suna sa a girmama ka a bariki. Amma ranar da aka yi muku kwanton ɓauna, wuta ta ko'ina, abin da zai sa yaranka su tashi idan ka ce a tashi shi ne yadda ka riƙe su jiya da shekaranjiya.

Riƙon nan kuwa a ƙananan abubuwa yake. Wa ke gadin ƙarfe biyun dare? Idan kullum kurtun da ya fito daga Defo na Zariya ne, ɗan garinku kuwa yana sharar barci, wallahi kowa na gani, shiru kawai suka yi maka. Jarkar ruwa ɗaya ta rage a zafin Afrilu, kai ka fara kafa kai? Kada ka ci sai sun ci. Kada hannunka ya taɓa alawus ɗin kowa. Kuma kada ka bari a rabu, 'yan Arewa a inuwa ɗaya, 'yan Kudu a wata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɗauki ƙasa ranar haƙa ramin Khandak, ga yunwa har ya ɗaura dutse a ciki. To kai wane ne da za ka harɗe a inuwa ana haƙa ramin da zai kare ka?

Laftanan, ka saurari sajenka. Ya girme ka a aikin, ya san daji, ya san lokacin da shirun hanya ya yi yawa. Shawara da shi ba ta rage maka daraja. Ku tuna abin da ya faru a barikin Maimalari na Maiduguri a watan Mayun 2014: sojoji sun ga gawarwakin 'yan'uwansu da aka kashe a kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yankin Chibok, suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7 wuta. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, a 2015 aka mayar da shi ɗaurin shekara 10. Bore laifi ne babba, ba na ba shi uzuri. Sai dai irin wannan fushin ba dare ɗaya yake taruwa ba, kuma kunnen kofur da saje yake fara isa. Idan yaranka sun ce harsashi ya yi kaɗan ko hanya ba ta biyuwa da dare, ka kai maganar sama yadda take, ko oga zai ɓata rai. Ɓoye ta don neman shiga cin amana ne.

Ku dubi Laftanan Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya taka rawa wajen ƙwato Baga a 2015, aka kashe shi a Malam Fatori a Nuwamban 2016. Ƙananan sojoji sun yi kukansa saboda tare da shi ake shiga wuta.

Ku ma na ƙasa da sauran magana. A Uhudu maharba 50 aka ajiye a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair, aka ce kada su motsa. Yawancinsu suka sauka da suka hango ganima, yana kiransu ba su tsaya ba, mahayan Khalid ɗan Walid, wanda a lokacin yake ɓangaren Kuraishawa, suka zagayo ta nan. Inda shugabanka ya ajiye ka, ka tsaya har sai ya ɗage ka, ko da ka ga kamar an gama faɗan.