Waƙar "Ring a Ring o' Roses" ba labarin annoba ba ce

Wasan yaran Ingila ne: su riƙe hannun juna su yi da'ira, suna zagayawa suna rera waƙar, a baitin ƙarshe kowa ya zube ƙasa ana ƙyalƙyala dariya. An daɗe ana yaɗa cewa wai annobar da ta afka wa Landan a 1665 waƙar take nufi. Baitocin waƙar suna ambaton furen wardi, aljihu cike da furanni, atishawa da faɗuwa. Wai furen wardin jajayen ƙurajen mara lafiya ne, furannin cikin aljihu na korar wari ne, atishawa alamar ciwon ce, faɗuwar kuma mutuwa.

Labarin yana da daɗin ji, amma ba shi da tushe. Sai a ƙarni na 19 aka fara ganin waƙar a rubuce, kuma bugun da aka fi sani shi ne na littafin waƙoƙin yara na Kate Greenaway a 1881, sama da shekara 200 bayan annobar. A wannan bugun ko atishawar ma babu. Ita kanta fassarar annobar sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta ɓullo, masu tattara waƙoƙin yara na da can ba su taɓa ambatarta ba.

Akwai nau'o'in da ake ƙarewa da rusunawa ko tsugunawa. Yaran Jamus ma suna da tasu, "Ringel, Ringel, Reihe", su zagaya sannan su tsuguna. Yana damuna in ji babba yana shaida wa yaro cewa wasan da yake murna da shi na gawawwaki ne, alhali babu hujja.