Ni ne masanin tarihin ƙungiyarmu

Mu huɗu ne a ƙungiyar kiɗanmu: ni a ganga, ƙanina a jita, abokinmu a piyano, sai mawaƙinmu, wanda yake ganin mu ukun nan rakiya muka yo masa duniya. Waƙoƙinmu shida, biyu ma ba a gama haɗa su ba. Duk da haka wani dare na ce lokaci ya yi da Wikipedia za ta san da zamanmu. Tun 2001 ake rubuta mutane a can, mu da me aka fi mu?

Na buɗe asusu a ta Ingilishi, na laƙaba masa sunan ƙungiyar ɗungurungum. Ashe a wajensu wannan tamkar ɓarawo ne ya rataya wa kansa ƙararrawa. Sannan na zage damtse: "fitacciyar ƙungiya da ta sauya alƙiblar kiɗan zamani." Mai ganga ya samu sakin layi uku, har da labarin yadda yake buga tebur tun yana rarrafe. Mawaƙi ya samu rabin jimla. Madogarata kuwa shafinmu na Facebook, wanda ni ne nake rubuta shi, da wani bidiyo a YouTube da rabin masu kallonsa ni ne.

Ban gama tura wa dangi ba sai ga saƙo daga wani edita. Cikin ladabi ya ce in canza sunan asusun, sannan ya tambaya ko ina da alaƙa da ƙungiyar. Na ce a'a, ni masoyinsu ne kawai daga nesa. Ya ce to madalla, amma me ya sa a sakin layi na biyu na rubuta "daga nan sai muka sayi sabuwar ganga"?

Da na ga ba mafita sai na kawo hujja: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin ya ce ai matsalar ke nan, mai ɗaki ba ya faɗin yoyon. Ya yi mini bayani cewa duk mai ruwa da tsaki a abu ana so ya bayyana alaƙarsa, ya kai shawarar gyara shafin tattaunawa, wasu su duba. Wanda ake biya kuwa, tun 2014 dole ne ya faɗi mai biyansa. Nan dai ba ni da fargaba, ba a taɓa biyana ko don kiɗan ba. Kafin ƙungiya ta cancanci shafi, sai an ga jaridu masu zaman kansu sun yi rubutu mai tsoka a kanta, ko waƙarta ta shiga jadawalin waƙoƙi na ƙasa, ko ta fitar da albam biyu a babban kamfani. Na duba sama, na duba ƙasa. Aka sa shafin a layin gogewa, aka ba da kwana bakwai a tattauna.

A cikin kwanakin nan ne wani baƙon asusu ya ɓullo. Ya share labarin teburina, ya rubuta cewa mawaƙi ne ya kafa ƙungiyar shi kaɗai. Na mayar. Ya sake. Na mayar. Har ƙarfe biyun dare muna ja-in-ja, ban san akwai dokar da ta hana warware gyaran wani fiye da sau uku cikin awa 24 ba. Da safe aka toshe mu duka na kwana guda. Na lallashi kaina da cewa ko Jimmy Wales a 2005 an gano yana gyara tarihin kansa, yana cire inda aka ce tare da Larry Sanger suka kafa Wikipedia. Ciwon manya ne ya kama ni.

Da yamma muka haɗu wajen gwaji. Mawaƙi ya shigo ido jawur, ya jefar da jaka.

"Malam, lafiya?" na ce.

"Ina lafiya! Wani ɗan hassada ya hana ni barci jiya a intanet, sai cusa mai ganga yake yi."

Na sunkuya ina ɗaure igiyar da ba ta kwance ba. Ƙanina ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "Yaya, kai ma fa idonka ya yi ja."

Kwana bakwai suka cika aka goge shafin. Tattaunawar gogewar dai tana nan, kowa na iya karantawa, editoci sun bi mu ɗaya bayan ɗaya suna cewa ba su samu komai a kanmu ba. Mai piyano ya karanta ta sau biyu, fuskarsa ta washe. Ya ce wannan ne karon farko da mutanen da ba danginmu ba suka yi rubutu a kanmu, ko za mu iya sa ta a matsayin madogara?