Ku daina yi wa sojan laima dariya

Wallahi jiya raina ya ɓaci a teburin mai shayi a Kawo. Samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, sun sake tono bidiyon nan na Abuja, na atisayen bikin 'yancin kai na 2022, suna ta sheƙa dariya don iska ta kai wani sojan laima, da ya diro daga jirgin sama, inda bai nufa ba. Har ɗayansu yana cewa wai ba su iya ba. Kai da ko daga katangar gidanku ba ka taɓa dirowa ba, kai ne za ka buɗe baki ka ce sojan laima bai iya ba?

Ni na yi aikin nan, a barikin soja na Jaji na koya, ba labari aka ba ni ba. Kafin ka ga ƙofar jirgi sai ka shafe makonni kana gudun asuba, kana dirowa daga kan dakali cikin yashi: ƙafafu a haɗe, gwiwoyi a haɗe, haɓa a ƙirji, ka faɗi ta gefe ka mirgina. Ka tashi ka sake, ka tashi ka sake, har jikinka ya haddace. Ranar tsalle kuwa, babbar laima a bayanka, ta ko-ta-kwana a cikinka, ɗamara ta matse cinyoyi har tafiya sai a tale. Cikin jirgin soja C-130 ƙarar inji ba ta barin ka ji na kusa da kai, leɓɓa kawai kake gani suna motsi, wannan yana Ayatul Kursiyyu, wancan yana tasa addu'ar. Ka maƙala ƙugiyar igiyar da za ta buɗe laimarka a wayar da ke saman kanka, fitila ta koma kore, na gabanka ya ɓace. Sai kai.

Daga nan kuma daga kai sai iska. Iska ba ta san kofur ba, ba ta san kanar ba. Za ka ja igiya ka karkata iya ƙarfinka, amma in ta juya ana saura ƙiris ka taka ƙasa, inda ta ga dama nan za ta ajiye ka. A filin Allah ma tana jan mutum a ƙasa kamar buhu, balle tsakiyar birni mai dogayen gine-gine da wayoyin lantarki.

Kada wani ya zo mini da zancen wai a Turai ba a haka. A 1944, daren da sojojin laimar Amurka suka dira Nomandi ta Faransa, warwatsewa suka yi, da yawa suka sauka nesa da inda aka tsara. Laimar ɗaya daga cikinsu ta maƙale a hasumiyar coci, ya yi ta lilo. Yau mutum-mutuminsa ne rataye a wurin, don girmamawa. Mu kuma namu sai dariya. Masu cewa ai da kuɗin talakawa aka horar da su, na ji, amma ƙafar da ke karyewa ta waye?

Akwai abokina da muka fita ƙofa ɗaya, idon sawunsa ya karye a sauka. Yana kwance yana cije leɓe, tambayarsa ta farko ita ce ko za a bar shi ya ƙarasa kwas. Har yau in sanyin hunturu ya shigo, a zaune yake sallah. Irin wannan mutumin kuke yi wa dariya.

Manoman ƙauyukan da ke kewaye da Jaji sun fi ku sanin darajar abin. Wata rana na sauka a gefen gonar dawa, na karya wa wani dattijo karare. Ina naɗe laima ina ba shi haƙuri, shi kuwa sai dudduba ƙafafuna yake yana cewa, "Yaro, ba ka ji ciwo ba dai?" Ya aika jikansa ya kawo mini ruwa a ƙwarya. Ban ma tambayi sunansa ba, abin yana damuna har yanzu. In yana raye Allah ya ƙara masa lafiya, in ya riga mu Allah ya jiƙansa.