Wariyar launin fata da ke ɓoye cikin kayan asibiti

Idan aka ce akwai wariyar launin fata a asibitocin Amurka, hankali yakan tafi kan likitan da ke raina baƙar fata. Akwai irinsa. Amma wariyar da ta fi ɓarna ita ce wadda aka dasa cikin kayan aiki da lissafi, don ko likitan kirki ne sai ya aiwatar da ita bai sani ba.

A dubi 'yar na'urar nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna oksijin a jini. Haske iri biyu take harbawa ya ratsa yatsa, ta ƙiyasta oksijin daga abin da jini ya shanye. To, launin fata ma yana shan nasa rabon hasken, kuma akasari a jikin farar fata aka daidaita na'urar. Ƙa'idar 2013 ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta yarda a gwada ta a kan mutum 10 kacal, biyu daga ciki masu duhun fata. A Disamban 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka kwatanta lambar na'urar da gwajin jinin jijiya. Cikin waɗanda na'urar ta nuna oksijin ɗinsu ya kai kashi 92 zuwa 96 cikin ɗari, kashi 11.7 cikin ɗari na baƙar fata ainihin oksijin ɗinsu bai kai 88 ba. A farar fata kashi 3.6 ne. Ninki uku ke nan. A tsakiyar annobar korona, wannan lambar ce ke raba wanda za a ba gado da wanda za a ce ya koma gida.

Na ƙoda ya fi muni, don shi da gangan aka rubuta. Lissafin 2009 na ƙiyasta ƙarfin ƙoda ya riƙa ninka sakamakon baƙar fata da 1.159, bisa zaton cewa sun fi tsoka. Ba a fara ƙirga wa mutumin da bai soma wankin ƙoda ba lokacin jiran dashen ƙoda sai lambarsa ta sauko 20. Wanda tasa take 18, lissafi ya mayar da ita kusan 21, sai ya ci gaba da zama a waje ƙodar na lalacewa. Sai a 2021 aka cire launin fata daga lissafin, a 2023 kuma aka umarci cibiyoyin dashe su mayar wa baƙar fata lokacin da aka cinye musu.

Wasu na cewa talauci ne sila, ba launi ba. Talauci na da hannu, babu musu, amma hasken na'ura bai san albashin mai yatsa ba.

Mu ma abin ya shafe mu, domin irin na'urar nan ce ake shigowa da ita Kano da Maraɗi, inda kusan duk majiyyaci baƙi ne. Ba jefar da ita za a yi ba, tana ceton rai. Sai dai kada lamba ta rufe wa ma'aikaci ido. A ɗumama yatsan da ya yi sanyi, a goge jan farce, a kauce wa yatsa mai baƙin lalle, a jira lambar ta tsaya. Sannan a ƙirga numfashi na minti guda cur: 50 ko fiye ga jariri ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar limoniya ce. Yaron da ƙirjinsa ke lotsawa, harshensa ya yi duhu, a ba shi oksijin ko da na'ura na nuna 93.