Ranar da Aka Yanka Kuku a Kariakoo

Kwana uku kacal na yi a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya na yanke wa kaina hukuncin cewa na iya Swahili. Kuma ba laifina ba ne ni kaɗai. Ka sauka a gari ka ji ana cewa "habari", ka gane labari ake tambaya. Sabulu su ce "sabuni", alƙalami "kalamu", Alhamis "Alhamisi". Da aka zo lissafi kuwa sai kaina ya ƙara fashewa: ishirini, arobaini, hamsini, sitini. Na ce a raina, ashe wannan yaren Hausa ce ta zo bakin teku shan iska aka liƙa mata "i" a wutsiya. Alhali Larabci ne ya haɗa mu, mu ya zo mana ta hamada da ayari da malamai, su kuma ta tekun Indiya a jiragen 'yan kasuwar Oman da Yaman. Amma wa ya tsaya wannan dogon tunani? Iyayi ya riga ya hau kaina.

Taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni, na mako guda. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na zille wa abokan tafiya, na kutsa unguwar Kariakoo ni kaɗai, wai zan ci abincin 'yan gari. Da ina da wayo, sunan unguwar ma ya isa gargaɗi, don daga Turanci aka murɗo shi: Carrier Corps, rundunar 'yan dakon Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutanen da suka yi wa wannan suna haka, ai sai a bi kalmominsu a hankali.

Ina fama da gyambon ciki, likita ya raba ni da yaji. Maganar ƙarshe da uwargida ta yi min a bakin ƙofa ita ce, "Malam, don Allah ban da barkono." Saboda haka da na zauna a wani ɗan gidan abinci, niyyata ɗaya: in ga mai girki ido da ido in roƙe shi ya tausaya min.

Wani saurayi ya zo da fara'arsa ya ce, "Karibu, mzee." Na nuna farantin maƙwabcina, ya ce "wali". Dafaffiyar shinkafa ke nan a wajensu. Ban tsaya mamakin yadda ake cin waliyyi da miya ba, na nuna ƙofar kicin da yatsa, na ce da ƙarfin gwiwa, "Kuku."

Yaron ya dubi gemuna, ya dubi hulata, ya yi murmushin wanda ya gano damuwar baƙo. Sai ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ja daga wannan kunne zuwa wancan, ya ce, "Bismillahi. Halali kabisa."

Gabana ya yanke ya faɗi. Kalma uku ya faɗa, biyu na gane su sarai, kuma ba su yi min daɗi ba. An yanka kuku, da bisimilla, kuma wai halal ne. Na waiga na ga mutane sai loma suke kai wa baki hankali kwance, har da mai neman ƙari. Na lallashi kaina da cewa ƙila korar sa aka yi daga aiki, yaron ne bai iya kwatance ba.

Kafin in gama wannan lissafi ya dire min shinkafa da cinyar kaza. Na ɗauka ban-haƙuri ne. Na ture farantin gefe, na sake cewa, "Kuku!" Wannan karon na miƙe tsaye na zana mutum a iska, tun daga kai har ƙafa, don ya san cikakken ɗan Adam nake nema. Ya ce, "Mzima?" Ban san ma'anarta ba, amma tunda na sauka ƙasar gyaɗa kai bai taɓa ba ni kunya ba. Na gyaɗa. Ashe guda sukutum yake nufi. Minti kaɗan sai ga gasasshiyar kaza ɗungurungum, ta yi ɗaiɗai a faranti, ƙafafu a sama.

A nan ya kamata in haƙura in ci rabona. Amma taurin kai ya ce a'a. Na sa yatsu biyu na yi tafiya da su a kan tebur. Na buɗe hannu na rufe kamar baki yana magana. Na dafa ƙirji na ja numfashi. Yaron ya zura min ido can, sai ya ce cikin shakka, "Hai?"

Allahu Akbar, karatun Islamiyya ya yi rana! Hayyun, mai rai. Na tafa hannu na ce, "Na'am! Kuku hai!" Ya ɗaga kafaɗa irin ta "kuɗinka ne", ya fice waje, ba kicin ba. Ban kawo komai a raina ba, na ce ƙila kukun ya je salla bai dawo ba.

Bayan kamar minti goma ya dawo yana haki, riƙe da wani jan zakara an ɗaure masa ƙafafu da tsumma. Ya ajiye shi a gabana, kusa da 'yar'uwarsa da ta riga shi tafiya. Zakara ya dube ni da ido ɗaya, ya juya ya dube ni da ɗayan, sannan ya kai wa shinkafata sara.

Wani dattijo a teburin gefe, wanda tun ɗazu yake danne dariya har hawaye, shi ya cece ni da Turanci. Da na yi masa bayani sai da ya kifa kai a tebur. Ya ce kuku a Swahili kaza ce, mai girki kuma "mpishi" ake ce masa. Ya nuna min ita: wata mata ce mai jiki, tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, tun farkon wasan tana kallo. Da aka fassara mata buƙatata sai ta tako ta ɗauke wani ɗan ƙaramin faranti daga gabana ta ce, "Pilipili." Barkonon daban aka kawo shi, ko ɗigo babu a cikin abincin. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Da aka zo biyan kuɗi yaron ya ce, "Elfu hamsini." Wannan kam ban nemi tafinta ba. Shilin dubu hamsin, har da kuɗin zakara, don mai shi ya ce ciniki ya faɗa.

Haka na shiga Keke Napep, da suke kira "bajaji", da ƙunshin kaza a hannun dama, zakara a hammata. A harabar otal na yi kiciɓis da mahalarta taro suna shan shayi, ba hanyar ɓuya. Da na ba da labari, wani abokin aikinmu Bayarabe ya riƙe ciki yana cewa, "Malam, kuku kill me!" A yarensu kalmar tana nufin "gara kawai", daga nan ta shiga Turancin buroka. Wata 'yar Indonesiya kuma ta miƙo hannu tana nuna farcenta, ta ce a wajensu wannan ne kuku. Na gode wa Allah da ba a Jakarta aka yi taron ba, don ban san abin da za a zubo min a miya ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, da na kwanta na yi tunani, shi ne kalmar da na tsaya kai da fata a kanta ba ma gadon kakanninmu ba ce. Aro ce. Turawan mulkin mallaka ne suka zo da "cook" ɗinsu, bakinmu ya mayar da shi kuku, tare da su boyi da masinja da direba. Tasu kuwa tsohuwar kalmar harsunan Bantu ce, har Zulu na Afirka ta Kudu "inkukhu" suke cewa. Ko zakaran da na saya, da ya tashi cara da asuba a ɗakin mai gadi, da "kuku" ya fara. Wato shi ma shaidarsu ya bayar.

Na bar wa mai gadin zakara na dawo gida, kuma na yi kuskuren ba uwargida labari a gaban yara. Ranar jajibirin ƙaramar salla ina zaune a tsakar gida ta fito da wuƙa a hannu, ƙaramin ɗanmu na biye da ita rungume da kaza. Ta gyara murya ta ce, "Malam, a yanka kukun, ko a kawo maka shi hai?"